Permin jirgin sama: me ya sa takarda ɗaya ba ta isar matuƙi hawa kowane jirgi?

Duk lokacin da fara ko tsuntsayen jan baki suka sauka a gonakin hatsi, tambayar da ake yi daga Tasawa har Mayahi ɗaya ce: ina jirgin feshi? Waɗanda suka ga farin dangon 2004 da yunwar da ta biyo baya a 2005 sun san dalilin wannan gaggawa. To amma samun jirgi rabin aiki ne. Sai an samu wanda doka ta yarje wa ya tuƙa wannan jirgin musamman, kuma ba kowane mai permi ba ne.

A mota ma haka abin yake, mai permin ƙaramar mota ba ya ɗaukar babbar motar kaya. Sai dai a sama an fi tsanantawa. Tushen dokar yana cikin yarjejeniyar Cikago ta 1944, wadda ta haifi hukumar jiragen sama ta duniya, OACI. A nan Nijar hukumar ANAC da ke Yamai ce ke ba da permi, ita ke sa ido kan matuƙa. Bisa ƙa'idar OACI, permin tuƙi na kai da kai yana bukatar aƙalla awa 40 a sama, na neman kuɗi kuma awa 200, ko 150 ga wanda ya bi cikakken tsarin makaranta.

Yawancin ɗalibai suna koyo ne da jirgi irin Cessna 172: inji ɗaya, kujera huɗu, tayoyi uku a kafe, ɗaya a gaba ƙarƙashin hanci. In sun gama, a rubuta musu izinin rukunin jirage masu injin fistan ɗaya. Rukunin kuwa faɗi gare shi, jiragen da ke cikinsa ba halinsu ɗaya ba. Shi ya sa dokar Tarayyar Turai ta raba abin gida biyu. In bambancin kaɗan ne, matuƙi ya karanta littafin jirgin, ya san inda komai yake, shi ke nan. In kuwa babba ne, dole ya koma gaban malami, su yi horo tare, malamin ya sa hannu a littafin da matuƙin ke rubuta awowin tashinsa. Cikin manyan akwai tayoyin da ke naɗewa bayan tashi, da farfelar da ake sauya mata kwana, da inji mai turbo, da allon kwamfuta a madadin agogunan da aka saba, sai kuma taya a wutsiya. A Amurka ma akwai irin wannan sa hannu, har sun ƙara da duk injin da ya wuce ƙarfin doki 200.

Batun tayar wutsiya shi ya fi shafar mu, don jiragen feshi galibi haka aka ƙera su, saboda sun fi jure filin ƙasa da burji. Irin wannan jirgi nauyinsa yana bayan manyan tayoyi ne. Da ya taɓa ƙasa, in iska ta ɗan buge shi daga gefe, wutsiya sai ta nemi wucewa gaba, kamar amalanken da ake turawa da baya. Matuƙin da ƙafafunsa ba su saba gyarawa nan take ba, jirgin zai juya da shi, fiffike ya daki ƙasa. Wannan ba a koyonsa a takarda. Ga shi da yawan jiragen feshi kujera ɗaya gare su, babu wurin zaman malami, don haka sai an fara gogewa a wani mai kujera biyu kafin a sake wa mutum nasa.

Sai yanayinmu. A watan Afrilu da Mayu, lokacin da zafi ke haura digiri 40, iska takan yi sakayau, inji ya rage ƙarfi, jirgi ya bukaci doguwar hanya kafin ya ɗaga. Kowane samfuri da nasa lissafin. Wanda ya ɗauko alƙaluman jirgin da ya saba ya ɗora wa wani mai tanki cike da magani, zai iya ƙare fili bai tashi ba. Feshin kansa kuma ƴan mitoci ne sama da amfanin gona, tsakanin itatuwan gawo irin na Gulbin Kaba, wurin da ba a samun sararin gyara kuskure.

Ga matasanmu masu sha'awar aikin, da iyayen da za su biya, a lura: makarantar EAMAC ta ASECNA da ke Yamai ta shahara ne wajen horar da masu ba jirage hanya, da masana yanayi, da masu kula da na'urori. Ta Zariya a Nijeriya, wadda aka kafa a 1964, tana koyar da tuƙi. Ko'ina aka je, kafin a biya ko dala a tambaya: da wane jirgi za a koya, wane izini za a rubuta a permin, kuma wane horo ne ba ya cikin kuɗin? In permin na waje ne, sai ANAC ta amince da shi kafin a tuƙa jirgi mai lambar Nijar, wato wanda rajistarsa ta fara da 5U.