Ƙarasa aikin ɗab'i

Ƙarasa aikin ɗab'i shi ne duk wani aiki da ake yi wa takarda bayan ta fito daga injin bugu, kafin ta zama littafi, mujalla, kalanda, rasit ko katin gayyata. Aikin ya ƙunshi yanka, ninki, jera shafuka, ɗinki ko manni, da rufe fuskar takarda da leda ko wanis. Duk da cewa shi ne mataki na ƙarshe a maɗaba'a, tun kafin a fara bugu ake yanke shawara a kansa, domin tsarin shafuka da faɗin gefe da irin takardar da za a saya duk sun dogara ne da shi. Kuskure a wannan mataki ya fi kowane tsada, saboda an riga an kashe takarda da tawada.

Tarihi

A ƙasar Hausa da Borno, Alƙur'ani da littattafan da aka rubuta da hannu ba a ɗinke su. Ana jera warƙoƙin ne tsakanin bango biyu, a ɗaure, a saka a gafaka. A Turai da hannu ake ɗinka littafi har zuwa ƙarni na 19, lokacin da injuna suka shigo sana'ar. A shekarar 1844 Guillaume Massiquot ya yi rajistar injin yankan takarda a Faransa, sannan a 1868 David McConnell Smyth ya yi rajistar injin ɗinkin littafi a Amurka.

Yanka da ninki

Ana buga shafuka da yawa a kan babbar takarda guda, galibi 8 ko 16 ko 32, sannan a ninke ta a yanke gefuna. Idan hoto ko launi zai kai har bakin shafi, ana barinsa ya zarce layin yanka da kamar milimita 3, don kada farin layi ya fito idan wuƙa ta ɗan goce.

Ana auna kaurin takarda da nauyinta a giram kan kowace murabba'in mita. Takardar ofis ta yau da kullum giram 80 ce, katin gayyata kuwa yakan kai 250 zuwa 350. Takarda mai kauri tana tsagewa a wurin ninki, don haka ake fara danna mata layi. Haka kuma zaren takarda yana bin hanya guda. Ninkin da ya bi hanyar zaren ya fi kwanciya, kuma littafin da zarensa ya bi tsawon ƙashin baya ya fi buɗuwa.

Haɗa littafi

Ɗinkin waya: ana shigar da takardu cikin juna a soke tsakiyarsu da waya biyu. Shi ne mafi araha, kuma da shi aka haɗa da yawa daga ƙananan littattafan hikaya da ake bugawa a Kano. Dole adadin shafuka ya rabu da 4. Idan shafukan suka yi yawa, kamar sama da 64, littafin yakan ƙi rufuwa, shafukan tsakiya kuma su turo waje. A wuri mai danshi wayar tana tsatsa.

Manni da gam: ana kankare ƙashin baya, a shafa gam, a manna bango mai laushi. Yana ba da wurin rubuta sunan littafi a baya. Gam na EVA ya fi araha amma yana laushi a zafi mai tsanani; na PUR ya fi riƙo da jure zafi, sai dai yana buƙatar kamar yini guda kafin ya kama sosai.

Ɗinkin zare: ana ɗinka kowane ƙunshi na shafuka, a haɗa shi da na kusa da shi. Ya fi tsada, amma ya fi daɗewa. Shi ya dace da ƙamus, Alƙur'ani da littattafan laburare, musamman idan an sa bangon kwali.

Haɗin zobe: ana huda gefe a zura murɗaɗɗiyar waya ko roba. Littafin yana buɗuwa a shimfiɗe, shi ya sa ake amfani da shi a kalanda, rahoto da kundin ɗalibai, amma shafi yana saurin yagewa daga hudar.

Rufe fuskar takarda da ado

Laminatin shi ne manna siririyar leda a kan takarda don kare ta daga ruwa, datti da gogewa. Mai sheƙi tana fito da launi, amma tana ɗaukar ido a ƙarƙashin fitila. Marar sheƙi ta fi daɗin karatu, sai dai ƙarzuwa tana bayyana a kanta idan launin mai duhu ne. Wanis ya fi leda araha amma kariyarsa kaɗan ce. Akwai irinsa da ake busarwa nan take da hasken UV, ana kuma iya shafa shi a kan suna ko tambari kawai.

Don ado, ana manna ruwan zinare ko na azurfa da zafin ƙarfe, ana tayar da rubutu ya yi tudu, ko a yanke kati da wani fasali na musamman. Kowane daga cikinsu yana buƙatar a ƙera masa hatimin ƙarfe, don haka kuɗinsa ya fi nauyi idan kwafin kaɗan ne.

Abubuwan lura wajen zaɓi

Amfanin abin da aka buga shi ke nuna ƙarashen da ya dace. Fostar da za a liƙa mako guda ba ta buƙatar abin da littafin firamare yake buƙata, wanda yara za su riƙa ja shekara da shekaru. Fom, rasit da duk takardar da za a yi rubutu ko a buga hatimi a kanta ba a rufe ta da leda, domin tawada ba ta zama. Littafin rasit yana buƙatar lambobi a jere da layin huda don yagewa.

Masu adana takardun tarihi suna hana yi wa takardun asali laminatin, kamar takardar haihuwa ko shaidar kammala karatu, saboda da wuya a cire ledar ba tare da an ɓata takardar ba. A shekarun 1930 William Barrow ya ɓullo da wata hanyar laminatin da gidajen adana tarihi na Amurka suka runguma, daga baya aka daina ta bayan an ga ledar kanta tana lalacewa. Takardar da aka rufe da leda kuma tana da wuyar sake sarrafawa.