'Yan Makarantar Jos Da Suka Karya Lagon Gana

Wanda duk ya zauna rumfar mai shayi a Kasuwar Shasha da yamma, bayan an gama sauke tumatir da albasa, ya san gardamar samarinmu ba ta wuce Arsenal da Chelsea. To jama'a, yau ga labarin na gida.

A zamanin da, Gana ce dodon Nijeriya a fagen ƙwallo. Cikin 1955, tun ana kiranta Gwalkwas, ta lallasa mu da ci 7 ba ko ɗaya a Ankara. Shekara da shekaru manyan 'yan wasanmu na zuwa birnin nan suna komowa ba nasara.

Waɗanda suka karya wannan lago ba manya ba ne, 'yan makaranta ne. A lokacin akan tsamo gwanaye daga makarantun sakandare na ƙasa duka, a haɗa ƙungiyar da ake kira Academicals. A 1966 yaran nan suka bi takwarorinsu na Gana har Ankara suka cinye su. Cikinsu akwai 'yan Jos huɗu: Isma'ila Mabo, da Sam Garba Okoye, da Peter Anieke, da Tony Igwe. Ku dubi sunayen da kyau. Garin kuza ne ya haɗa iyayensu daga nesa, kamar dai yadda fatauci ya tara mu a nan Badun. Kuma a cikin shekarar nan ce ƙasa ta rikice, Jos ɗin kanta ba ta tsira ba.

Bayan shekara biyu Sam Garba da Anieke da Igwe suka tafi wasannin Olamfik na Meziko, inda Nijeriya ta yi 3 da 3 da Barazil. Anieke ma ya jefa ɗaya.

Mabo da Sam Garba kuwa suka zama ginshiƙan Mighty Jets, kulob ɗin Alhaji Isiyaku Ibrahim, wanda ya ɗauki kofin lig na ƙasa na farko a 1972. Amma Kofin Ƙalubale ya ƙi su. A wasan ƙarshe na shekarar, a Ikko, Bendel Insurance na gaba da ci 2, har 'yan kallo sun fara kama hanya, sai Sam Garba ya farke duka biyun dab da tashi. Aka ce a sake karawa, aka kawo wasan nan Badun, filin Liberty. Ranar nan 'yan Binin suka yi galaba da ci 3 da 2. A ganina babu rashin da ya yi wa 'yan ƙwallon Arewa ciwo kamar wannan. Sai 1999 kofin ya isa Jos, a hannun Plateau United.

Sam Garba bai ga wannan rana ba, ya rasu a haɗarin mota cikin 1978. Mabo ya yi tsawon rai, ya zama mai horad da 'yan matan Super Falcons, ya kai su zagayen kusa da na kusa da ƙarshe a gasar duniya ta 1999 a Amurka. Ya rasu a watan Maris 2023, Allah Ya jiƙansa.

Filin Liberty yana nan, an sake masa suna Obafemi Awolowo. Mai zuwa unguwar Oke-Ado sai ya leƙa.