Daidaita Motsin Leɓɓa da Furucin Hausa a Zane Mai Motsi

Gabatarwa

Tun daga shekarar 1928, lokacin da kamfanin Walt Disney na Amurka ya fito da fim ɗin Steamboat Willie, masu zane mai motsi, wato katun, suke fama da aikin daidaita hoto da sauti. Manufar wannan maƙala ita ce ta bayyana yadda ake daidaita bakin ɗan wasan da aka zana da muryarsa, ta kuma nuna cewa aikin ba zai yi kyau da Hausa ba sai an san tsarin sautinta, musamman karin harshen Ƙauran Namoda da Shinkafi da Zurmi.

Matakan Aikin

Bisa al'adar masu zanen Amurka, murya ake fara ɗauka. Daga nan sai a saurare ta daki-daki, a rubuta kowane sauti daura da hoton da zai faɗa a kansa, domin daƙiƙa guda ta fim tana cin hoto 24, ta talabijin ɗin Nijeriya kuwa 25. Wato kalmar da aka furta cikin rabin daƙiƙa tana bukatar hoto 12. Bayan haka a zana motsin jiki da na fuska, baki ya zo a ƙarshe. Ba kowane harafi ke da siffarsa ba. Jadawalin Preston Blair, wanda masu zane suka daɗe suna bi, siffofin baki wajen goma kawai ya ƙunsa. Dalili shi ne ido ba ya ganin abin da ke faruwa a hanɗa ko maƙogwaro. Alal misali, b da ɓ da m siffa ɗaya gare su, wato leɓɓa a rufe.

Inda Hausa Ta Bambanta

Abin lura a nan shi ne, don Ingilishi aka tsara wancan jadawali. Bature yakan ɗora haƙoran sama a kan leɓen ƙasa in zai furta f. Bahaushe kuwa leɓɓansa biyu yake kusantarwa, domin f ɗin Hausa baleɓe ne. Duk mai zanen da ya ari siffar Bature ya ba ɗan wasansa bakin baƙo.

Al'amarin ya fi haka zurfi a arewacin Zamfara, inda ake Hausar yamma. Abin da Bakano ke kira fari da fata, mutumin Zurmi hwari da hwata yake cewa, sai leɓɓa su kewaye kamar na mai shirin busa. Haka kuma tafi da kifi sukan koma tahi da kihi a bakin mutumin Shinkafi, leɓɓa ba su ko kusanci juna. Ke nan kalma ɗaya a rubuce tana iya bukatar zane iri biyu, gwargwadon garin wanda ya ba da murya.

Sai kuma tsawon wasali, wanda rubutun yau da kullum ba ya nunawa. Garin da ake zama da garin da ake tuwo rubutunsu ɗaya, amma wasalin farko na garin tuwo dogo ne, saboda haka baki zai daɗe a buɗe, hotunan su ƙaru. Haka nan leɓantattun baƙaƙe, irin na kwana da gwanda da ƙwai, tun kafin a kai ga wasali leɓɓa suke kewayewa.

Kammalawa

Wani zai ce yara ba su kula da wannan. To amma a 1976 Harry McGurk da John MacDonald sun nuna cewa idan kunne ya ji ba, ido kuma ya ga bakin mai faɗin ga, mutane da yawa da suke ji. Ashe ido yana taya kunne saurare, balle ga mai raunin ji, wanda leɓɓa yake karantawa. Don haka katun ɗin da aka shirya domin koyar da yaran Ƙauran Namoda karatu ko tsabta yana iya rikita su in baki ya saɓa wa murya. Ya kamata mai zane ya bi abin da kunnensa ya ji, ya kuma nemi ɗalibin Hausa ya rubuta masa muryar da alamomin furuci kafin ya ɗauki alƙalami.