Alawar Da Ta Sa Ingila Ta Kafa Dokar Hana Algus A Abinci

Uwargida, sau nawa kike miƙa wa yaro kuɗi ya je shago ya sayo alawa ba tare da kin tsaya kin yi tunanin abin da ke cikinta ba? To, gyara zama ki ji abin da ya auku a garin Bradford na ƙasar Ingila a ƙarshen watan Oktoba na 1858.

A wancan zamani sukari yana da tsada, saboda haka masu yin alawa sukan rage shi su cika da garin farin dutse mai kama da alli. Wani mai yin alawa, Joseph Neal, ya aiki mutum zuwa shagon magani a Shipley ya sayo masa wannan gari. Aka yi rashin sa'a mai shagon yana kwance ba lafiya, yaronsa kuma sabon shiga ne. Maimakon garin alli, sai ya auno gubar asinik wajen kilo biyar da rabi, domin ita ma fara ce sol.

Aka kwaɓa, aka yi alawa. Mai tallar da ya saba sara, William Hardaker, ya ga launinta ya sauya, amma da aka rage masa kuɗi sai ya karɓa. Ran Asabar da dare ya baje ta a kasuwa, iyaye suka saya suka kai wa 'ya'yansu tsaraba. Kafin a farga, mutum fiye da 200 sun kwanta, kimanin 20 kuma sun mutu, da yawansu ƙananan yara. 'Yan sanda da masu shela suka riƙa bin unguwanni cikin dare suna kaɗa ƙararrawa, suna gargaɗin kada kowa ya ƙara sha.

Abin takaici, da aka je kotu ba a hukunta kowa ba. An ɗauki abin a matsayin kuskure, shi kuwa algus ɗin da ya jawo kuskuren babu dokar da ta tanadi horo a kansa.

Fushin jama'a na cikin abin da ya sa aka yi dokar hana algus a 1860. Sai dai ta bar wa kowace ƙaramar hukuma zaɓi: in ta ga dama ta ɗauki masanin gwajin abinci, in ba ta ga dama ba shi ke nan. Kaɗan ne suka ɗauka. Sai da aka ƙarfafa dokar a 1872 da 1875 aiki ya kankama. Jami'i zai shiga shago ya sayi madara ko burodi kamar kowa, sannan ya sanar cewa gwaji za a kai. A raba abin gida uku: ɗaya ga mai shago, ɗaya ga mai gwaji, ɗaya a ajiye don shaida a kotu.

Da aka matsa wa masu zuba ruwa da alli, sai hankali ya koma kan magungunan hana lalacewa, irin su fomalin da ake adana gawa da shi, wanda wasu ke ɗigawa a madara don kada ta yi tsami. Sai a 1925 aka fitar da ƙa'idojin da suka haramta shi a abinci baki ɗaya.

'Yar'uwa, mu wannan ba baƙon abu ba ne a addininmu. Malaman tarihi sun ruwaito cewa Sayyidina Umar (RA) ya hana gauraya nono da ruwa a Madina. Yana zagaye da dare ya ji wata yarinya ta ƙi bin umarnin mahaifiyarta na yin hakan, don tsoron Allah. Ya aura wa ɗansa Asim ita, daga zuriyarta aka sami Umar ɗan Abdul'aziz.

Darasin Bradford shi ne doka a takarda ba ta kare kowa sai an sami masu bin kasuwa suna dubawa, kuma mai dubawa ta farko ke ce. Duba lambar NAFDAC da ranar ƙarewar wa'adi a jikin kaya. Waken da kika ji yana warin maganin ƙwari, bar shi. Abin da launinsa ya sauya ko arharsa ta wuce kima, tuna da Hardaker. In kuma ke ce mai sana'ar zoɓo, fura ko alawar madara a gida, ki tuna 'ya'yan wasu ne za su sha.

Allah Ya tsare mana zuriyarmu, amin.