Sashen Gaggawa a Lokacin Annoba: Abin da Ƙidayar Mako-Mako ta Nuna

A ranar 11 ga watan Maris, 2020, Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana cewa cutar korona ta zama annoba ta duniya baki ɗaya. Mutane da yawa sun zaci sashen gaggawa na asibitoci zai cika maƙil. Abin da ya auku kuwa ya saɓa wa wannan zato.

A ƙasar Amurka, hukumar yaƙi da cututtuka ta CDC tana tattara yawan waɗanda suka je sashen gaggawa, mako bayan mako. Daga 29 ga Maris zuwa 25 ga Afrilu, 2020, an riƙa samun kimanin mutum miliyan 1.2 a kowane mako, alhali a daidai wannan lokaci na 2019 wajen miliyan 2.1 ake samu. Wato an ragu da kashi 42 cikin ɗari ke nan. Makon 12 zuwa 18 ga Afrilu shi ne mafi ƙaranci. Daga nan adadin ya soma farfaɗowa sannu a hankali, amma har makon ƙarshe na Mayu yana ƙasa da na 2019 da kashi 26 cikin ɗari. A Ingila ma, masu zuwa sashen gaggawa a Afrilun 2020 sun kasa rabin na Afrilun 2019.

Wani ɓangare na raguwar ba abin damuwa ba ne. An rufe makarantu, zirga-zirga ta yi sauƙi, masu ƙananan larurori kuma suka haƙura a gida. Raguwar ta fi tsanani a tsakanin yara 'yan shekara 14 zuwa ƙasa.

Abin tsoron yana wani wuri dabam. Cikin makonni 10 da suka biyo bayan kafa dokar ta-ɓaci a Amurka, masu zuwa saboda bugun zuciya sun ragu da kashi 23 cikin ɗari, masu shanyewar ɓarin jiki da kashi 20, masu hauhawar sukari mai tsanani da kashi 10. To, ciwon zuciya dai bai san dokar hana fita ba. Likitoci sun fahimci cewa da dama daga marasa lafiyan nan suna gida, tsoron kamuwa da korona ya hana su fitowa.

Don haka ya wajaba jama'a su sani cewa ko ana cikin annoba, akwai alamun da ba a jinkirta musu: ciwon ƙirji mai matsewa, ƙarancin numfashi, karkacewar baki, mutuwar hannu ko ƙafa farat ɗaya, da sarƙewar magana. A garzaya da mai su asibiti nan take, a kuma lura da lokacin da abin ya fara, domin likita zai tambaya. Maganin narkar da gudan jinin da ya toshe jijiyar ƙwaƙwalwa galibi cikin sa'o'i huɗu da rabi na farko ake ba da shi.