Turmin atamfa ko turmin daka? Yadda ake gwada bayanin da ake ba ɗan aiken na'ura

Da yawa cikin 'yan Kantin Kwarin da suka taɓa yin odar kaya daga ƙasar Sin sun san Dengfeng, ko da a bakin wakilansu ne. Unguwa ce a yankin Xiaobei na birnin Guangzhou, kusa da benen Tianxiu, inda 'yan kasuwar Afirka ta Yamma, galibinsu Musulmi, suka daɗe suna sauka. Ciniki a can da kalkuleta da manhajar fassara ake yinsa. Maigida yana Kano, wakili yana Dengfeng, abin da ya haɗa su saƙo ne. In saƙon ya karkace, kwantena ce za ta iso da abin da ba a ce ba.

To, yanzu ga sabon ɗan aike ya shigo kasuwa, wato manhajar ƙirƙirarriyar basira da ba ta tsaya ga amsa tambaya ba, har aiki take aiwatarwa: ta binciko farashi, ta lissafa kuɗin dako, ta cike takardar oda. Kamfanin Alibaba ya fito da manhajar Accio a 2024 domin masu neman kaya a sari. Sai dai wannan ɗan aike ba shi da hannu. Da ƙananan manhajoji yake aiki, waɗanda masu sana'ar ke kira kayan aiki, kuma ba ya ganin cikinsu. Abin da yake gani kawai sunan kowanne ne, da 'yan layukan bayanin aikinsa, da guraben da zai cike. Kamfanin OpenAI ya yaɗa wannan salo a Yunin 2023, kamfanin Anthropic kuma ya fitar da ƙa'idar MCP a Nuwamban 2024 don a samu hanya guda ta haɗa ɗan aike da kayan aiki.

A ce Alhaji ya rubuta, "A samo mini farashin atamfa turmi 100." Turmi yadi shida ne, yadi 600 ke nan. Kayan aikin lissafin kuwa an rubuta masa gurbi ɗaya, "tsawo", ba a ce yadi ba, ba a ce mita ba, alhali wanda ya gina shi mita yake nufi. Ɗan aike ya zuba 600. Yadi 600 bai cika mita 549 ba, ashe an ɗora wa Alhaji kuɗin mita 51 da bai nema ba, kuma babu ƙararrawar da za ta kaɗa, domin a idon na'ura lissafi ya fita daidai. Wannan ma in ta gane cewa turmin ba na daka ba ne. Haka in kayan aiki biyu duk an rubuta musu "yana lissafa kuɗin dako", ɗaya na jirgin ruwa mai awo da CBM, wato girman kaya, ɗaya na jirgin sama mai awo da kilo, sai dai ɗan aike ya yi canki-canka.

Yaya ake gane bayani mai kyau? Wasu kan karanta shi su ba shi maki: ya faɗi aikinsa, ya faɗi lokacin da ba a amfani da shi, ya bayyana ma'auni. Wannan na da amfani, amma a ganina cinikin biri a sama ne. Wanda ya rubuta bayani ya riga ya san abin da yake nufi, don haka ba zai ga giɓin ba. Gwajin gaske shi ne a tara buƙatu irin waɗanda 'yan kasuwa ke turowa, a sakar wa ɗan aiken, a ƙirga sau nawa ya ɗauki kayan aikin da ya dace, sau nawa ya cike gurabe daidai. Sannan a sauya jimla ɗaya tak a bayanin, a sake gwadawa, a ga ko adadin ya motsa. Masu bincike a Jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley sun buɗe irin wannan ma'auni a 2024, har da duba ko ɗan aike zai janye hannu idan babu kayan aikin da ya dace da buƙatar. Ni wannan ne ya fi burge ni. Yaron shagon da ke dawowa ya ce "Alhaji, babu" ya fi wanda ke sayo wani abu daban don kada ya dawo hannu rabbana.

Akwai kuma ha'inci. A Afrilun 2025 kamfanin Invariant Labs ya nuna cewa ana iya cusa mugun umarni cikin bayanin kayan aiki, inda mai amfani da manhajar ba ya gani, ɗan aiken kuma ya bi.

Yawancin bayanan nan da Turanci ake rubuta su, da Turanci ake gwada su, mu kuwa da turmi da dila da kwali muke magana. Matasanmu masu gina manhajoji, ku sa saƙonnin Hausa cikin gwajinku. Kai kuma ɗan kasuwa, kafin ka bar wata manhaja ta tura oda Guangzhou da sunanka, ba ta tsohuwar odar da ka san lissafinta, ka ga abin da za ta kawo maka.