Sana'ar rumbun bayanai: abin da jarrabawa ba ta tambaya

A daren 31 ga Janairu, 2017, wani injiniyan kamfanin GitLab yana ta fama da gyaran rumbun bayanansu. Kwamfutoci biyu ne ke riƙe da rumbun: babba, wadda jama'a ke aiki a kanta, da ta biyu mai kwafar duk abin da ya shiga babbar. Ta biyun ce ta cije, ya yi niyyar share ta ya sake kwafa daga farko, sai ya ba da umarnin a kan babbar. Kafin ya farga ya tsayar, cikin gigabayit kusan 300, abin da ya rage bai kai 5 ba. Da aka waiwayi kwafin ajiya sai aka tarar babu komai. Manhajar ɗaukar kwafin, pg_dump, ta sigar 9.2 ce, rumbun kuwa PostgreSQL 9.6 ne, don haka aikin ya daɗe yana faɗuwa, saƙon gargaɗin kuma ba ya isa ga kowa. Wani kwafi da aka ɗauka sa'o'i shida kafin ɓarnar shi ya cece su.

Kamfanin bai rufa wa kansa asiri ba. Ya nuna aikin farfaɗo da rumbun kai tsaye a YouTube, sannan ya fitar da cikakken rahoto. Gani ga wane ya isa wane tsoron Allah: har yau da wannan labari ake nuna wa sababbin shiga cewa kwafin da ba a taɓa gwada dawo da shi ba, ba abin dogaro ba ne.

Irin wannan ilimi ba ya cikin manhajar jarrabawa. Ba wai takardar shaida ba ta da amfani ba. Wanda ya riƙe ta Oracle ko ta Microsoft ya fi saurin samun kiran ganawa, domin mai tace takardun neman aiki sau da yawa bai san SQL ba, hatimi yake dubawa. Sai dai takardar kamfani tana tsufa. A Janairun 2021 Microsoft ta daina ba da takardun shaidar MCSA da MCSE, waɗanda mutane suka kashe kuɗi da dare a kansu. Tushen sana'ar kuwa bai gusa ba: tsarin jera bayanai cikin tebura masu alaƙa da juna da Edgar Codd na IBM ya gabatar a 1970, da harshen SQL da Donald Chamberlin da Raymond Boyce suka fito da shi a 1974, su ake aiki da su har gobe.

Masu wannan aiki sun daɗe da gane cewa zumunta a ƙafa take. Tun 1955 masu amfani da manyan kwamfutocin IBM suka kafa ƙungiyar SHARE don musayar manhajoji da dabaru. Masu SQL Server sun yi tasu, PASS, wadda ta rushe a farkon 2021 bayan annobar korona ta hana taro. Amma SQL Saturday, taron yini guda da aka fara a Orlando ta Amurka a 2007, wanda 'yan sa kai ke shiryawa ba tare da kuɗin shiga ba, ya ci gaba. Ƙungiya mai ofis da kasafi ta mutu, taron da ke buƙatar aron aji da masu son magana kawai ya rayu.

Al'ummar PostgreSQL ta fi ba ni sha'awa, domin babu kamfani ɗaya da ya mallaki manhajar. Taronsu na PGCon ya gudana a Ottawa ta Kanada daga 2007, kafin PGConf.dev ya gaje shi a Vancouver a 2024. Laccoci ana samunsu a bidiyo daga baya. Abin da ke sa mutane biyan kuɗin jirgi shi ne hirar baranda lokacin shayi, inda wanda ya rubuta wani sashe na manhajar zai saurari matsalarka, wataƙila ya ce laifin fihirisar da ka gina ne. A nan ake jin inda ake neman ma'aikaci tun kafin a yi talla. Masu PostgreSQL suna kuma da zangon duba gyare-gyare sau da dama a shekara, kuma al'adarsu ita ce duk wanda ya kawo gyara ya duba na wani. Matashin da ya karanta gyaran ƙwararre layi-layi, ya gwada shi, ya faɗi inda ya ga matsala, ya sami malamin da ba ya karɓar ko sisi, sunansa kuma na iya fitowa cikin bayanan sabuwar siga.

Ga mai zaune a Kano ko Maraɗi, biza da tsadar dala sun isa su hana shi Kanada. Duba gyara kuwa kwamfuta da intanet kawai yake buƙata. A tarukan fasaha na gida, irin su DevFest, galibi hankali ya fi karkata ga manhajojin waya da ƙirƙirarriyar basira, alhali bankuna da asibitoci da jami'o'inmu cike suke da masu riƙon rumbu da suka taɓa kwana ba barci. Kowannensu yana da laccar minti ashirin da zai iya yi ba tare da ya ambaci sunan ma'aikatarsa ba, in da masu shirya taro za su gayyace shi.